Shin ya halatta a kafa hujjar imani da binciken kimiyya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Kaduna, ina zaune a Tudun Wada. Wani abokin karatuna kullum cewa yake duk abin da ba a gwada shi a ɗakin gwaji ba, tatsuniya ce. Ni kuma nakan tura masa bidiyoyin da ke nuna kimiyya ta gaskata Alƙur'ani. Malam, daidai nake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah Ya saka maka da kishin addini, amma maganar tana da tafsili.

Duban halitta domin a gane Mahalicci umarni ne. Allah Ya ce a cikin halittar sammai da ƙasa da saɓawar dare da yini akwai ayoyi ga ma'abota hankali (Ali Imrana, 190), Ya kuma ce a dubi raƙumi yadda aka halicce shi. To wanda ya leƙa ƙwayar jini da madubin bincike ya ce "Subhanallah", bai kauce hanya ba. Wannan halal ne, har da lada in niyya ta gyaru.

Inda nake ja maka kunne shi ne ɗaure ma'anar aya da wani nazari, a ce shi ne nufin Allah, babu wani. Ɗauki aya ta 47 a Suratuz Zariyat, wadda ke magana a kan gina sama, ta ƙare da kalmar "lamusi'un". Mutane na cewa ita ce faɗaɗar sararin samaniya da masanin taurari Edwin Hubble ya kawo shaidarta a 1929. Lafazin zai iya ɗaukar haka, amma magabata sun fassara "lamusi'un" da masu iko, wasu kuma da masu yalwatawa. Ka ce "mai yiwuwa ayar na nuni ga wannan", kada ka ce "wannan ne". Kimiyya tana gyara kanta ne kullum, abin da ya sa take ci gaba ke nan. In ka jingina aya da nazarin yau, gobe aka rushe shi, me za ka ce wa abokin naka? Ba mu kaɗai muka gane haka ba. Georges Lemaître, limamin Katolika ɗan Beljiyam wanda ya fara kawo nazarin farkon duniya daga ɗigo guda, bai ji daɗi ba da Fafaroma Pius na 12 ya yi amfani da nazarin a matsayin hujjar halitta a 1951.

Su kuwa bidiyoyin WhatsApp, da yawansu ƙarya ce tsagwaronta. Labarin cewa Neil Armstrong, mutumin da ya fara taka duniyar wata, ya ji kiran salla a can ya musulunta, shi da kansa ya ƙaryata. Yaɗa irin wannan haramun ne ga wanda ya san ƙarya ce, wanda bai sani ba kuma wajibinsa ya bincika kafin ya tura. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Ga dama ta samu, amma Annabi ya ce rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Bukhari da Muslim suka ruwaito.

Sannan mala'iku, kabari, hisabi, Aljanna da wuta, duk gaibu ne. Ba su da nauyi balle a ɗora su a sikeli, wahayi ne kaɗai ƙofarsu, kuma farkon siffar masu taƙawa a Suratul Baƙara ita ce imani da gaibu.

Shi kuma abokinka, tambaye shi cikin ruwan sanyi: wannan ƙa'ida tasa, cewa sai abin da aka gwada ne gaskiya, a wane ɗakin gwaji aka gwada ta?

Wallahu a'alam.