Waƙa tana iya zama shaidar mallakar ƙasa?

Tambaya: Malam, na ji an ce 'yan asalin Ostiraliya suna kai tsofaffin kaset na waƙoƙin kakanninsu kotu, a mayar musu da ƙasarsu. Yaya ake yi? Mu ma muna da kaset na kakanmu yana lissafa iyakokin gonar gado.
Daga wani mai karatu, Samaru, Zariya

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa, amma waƙar tasu ba irin ta maroƙa ba ce. Kowane baiti yana ambaton wuri, ko rijiya ko dutse ko ƙorama, bi da bi yadda hanya ta ratsa su, kuma ba kowa ke da ikon rera shi ba sai dangin da ke da haƙƙin wurin. Dokar filaye ta yankin Arewacin Ostiraliya ta 1976, da dokar 1993 da ta biyo bayan shari'ar Mabo ta 1992, wadda ta amince da haƙƙin 'yan asalin ƙasar a kan filayen kakanninsu, su suka buɗe wannan ƙofa.

Ana ɗauko tsohon faifan daga ma'ajiyar cibiyar AIATSIS mai nazarin al'adun 'yan asalin ƙasar, da ke Kanbera. A kunna wa dattawa, su faɗi mawaƙin da wurin. Masanin harshe ya rubuta baitocin, a ɗora sunayen kan taswira. Sau da yawa alƙali kan je dajin da kansa, a rera masa a wurin. Waƙar da ta keɓanta ga maza ko mata, a keɓe ake sauraronta.

Inda ake faɗuwa shi ne dogaro da faifan kaɗai. Kotu tana son ganin cewa al'adar ba ta yanke ba. Mutanen Yorta Yorta, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar, sun sha kaye a 2002 saboda an yanke cewa tasu ta katse. Faifan tamkar igiya ne, sai da mai rai riƙe da ɗaya bakin. Faifan kuma da aka ɗauka ba sunan mawaƙi, ba rana, ba wuri, ƙarfinsa kaɗan ne.

A nan gida, sashe na 66 na dokar shaida ta 2011 ya amince da tarihin baka a rigimar filin dangi. Kada ka yi ta kunna kaset ɗin, zaren yana tsinkewa. A juye shi cikin kwamfuta sau ɗaya ba tare da yanke komai ba, ka adana na asali nesa da zafi da danshi. Sannan ka kai dattijon da ya san muryar kakanku zuwa gonar, tare da mai unguwa, ya nuna kowace kuka da kowane kwari da aka ambata. Lauyanka zai haɗa takardar tabbaci da sashe na 84 na dokar ya buƙata ga shaidar da aka fitar daga kwamfuta.