Amsa: Facebook ne ya ƙirƙiro gilashin da ake ganin wata duniya a ciki?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Facebook ne ya fara wannan gilashin. A'a, sayen kamfanin Oculus, mai ƙera irin wannan gilashin, kawai ya yi a 2014. Abin ya girme shi nesa ba kusa ba.

Wanda ya kamata ka sani shi ne Ivan Sutherland, Ba'amurke. A 1963, yana karatun digirin digirgir a jami'ar MIT, ya rubuta manhajar Sketchpad. Mutum zai riƙe alƙalami mai haske ya ja layi a fuskar kwamfuta, ya matsar da shi, ya ƙara masa girma, nan take. A lokacin nan yawanci sai dai ka huda kati da umarninka ka miƙa a saka wa kwamfuta, ka jira sakamako. Ni a ganina wannan aikin ya fi gilashin kansa muhimmanci, domin daga nan manhajojin zanen injiniyoyi suka samo tushe.

A 1968 kuma, a jami'ar Harvard, shi da ɗalibinsa Bob Sproull suka haɗa na'urar sawa a ka mai nuna hoto a gaban ido, wadda aka rataye daga rufin ɗaki. Zanen layuka kawai take nunawa, amma idan ka juya kai, hoton ya bi ka.