Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Kyamarorin Gidana Suke Katsewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na saka kyamarori da fitilu masu aiki da Wi-Fi a gidana, amma kyamarar bakin ƙofa tana yawan katsewa, kuma idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, wasu fitilun ba sa komawa kan layi. Ina mafita? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara duba inda ka ajiye rauta, wato na'urar da ke rarraba Wi-Fi a gida, domin bangon bulo da ƙofar ƙarfe suna raunana sigina ƙwarai. Ka fito da ita daga bayan talabijin, ka ɗora ta a sama a tsakiyar gida, nesa da na'urar ɗumama abinci (microwave), wadda ita ma take aiki a zangon 2.4 GHz, ɗaya daga cikin zangunan siginar Wi-Fi.

Mafi yawan waɗannan ƙananan na'urori wannan zangon kaɗai suka sani, saboda haka ka ba Wi-Fi na wannan zangon suna daban da na zangon 5 GHz, ka bar wayoyi da kwamfuta a kan na biyun, sannan a saitin rauta ka tsayar da tashar (channel) zangon 2.4 GHz a kan 1, 6 ko 11, tunda su ne ba sa hawa kan juna.

Batun wuta kuwa, fitilun suna rigan rauta farkawa, su nemi sigina su rasa, wasunsu kuma su haƙura da nema. Ka haɗa rautar da inbata ko ƙaramin batiri don kada ta mutu. Kyamarar ƙofa kuma, a ganina gara ka ja mata waya idan tana da gurbinta, ko ka ƙara na'urar faɗaɗa sigina a zaure.