Amsa ga ƙanena mai son masta a Jami'ar Laval

Saƙonka ya iso, ƙanena. Ka ce ka gama lisans a fannin noma a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kana son masta a Laval, a nema maka takardar shiga, sauran kuma Alhaji zai ji da shi. Wannan "sauran" shi ne abin da na fi so mu yi magana a kai, don takardar shiga ita ce mafi sauƙi a cikin lamarin, kuma ita ce ke ruɗin mutanen gida.

Makarantar dai babu abin kushewa. Tana birnin Kebek na ƙasar Kanada, tushenta tun 1663, ta zama jami'a a 1852, ita ce mafi tsufa cikin masu koyarwa da Faransanci a Arewacin Amurka. Ɗalibanta sun haura 40,000. Tana da tsangayar noma da abinci, da ta gandun daji, har da masta kan haɗa itatuwa da shuka a gona ɗaya. Wanda ya tashi yana ganin gawo a tsakiyar gero, ya san sassaben zamani da manoman Maradi suka riƙa tun shekarun 1980, yana da abin faɗi a wannan ajin.

Amma jami'ar bincike ce, kuma a masta mai rubuta kundi ko doktora, malamin da zai duba aikinka shi ne ƙofa. Shi ke da kuɗin bincike daga gwamnati, daga ciki yake biyan ɗalibinsa. Kada ka rubuta wasiƙa ɗaya ta "ina neman taimako" ka watsa wa malamai talatin, ba a karanta irinta. Zaɓi uku ko huɗu. Karanta maƙala biyu na baya-bayan nan na kowannensu, ka rubuta shafi guda: abin da ka yi a kundin lisans, tambayar da kake son bincika, da inda ta haɗu da aikinsa. Ka haɗa da takardun makinka na duk shekaru uku. In ya amsa, ka tambaye shi kai tsaye nawa zai ba ka a shekara, kuma shekara nawa, a rubuce. Kunyar tambayar kuɗi da aka koya mana a gida ba ta da amfani a nan.

Ga lissafi. Ɗan Kebek yana biyan wajen dalar Kanada 3,000 a shekara. Baƙo ya lissafa 20,000 ko fiye, wato sama da sefa miliyan 8, ban da inshorar lafiya ta dole, wajen 1,000, tunda Nijar ba ta cikin ƙasashen da ke da yarjejeniyar lafiya da Kebek. Ban da ɗaki, ban da abinci, ban da rigar sanyi da takalmi, kuma a Janairu sanyi kan wuce digiri 20 ƙasa da sifili. Masta shekara biyu ce, sai ka ninka. Akwai yafiyar ƙarin kuɗin baƙi da Kebek ke ba wasu ƙasashe, amma gurabenta kaɗan ne, kuma ta hannun gwamnatin gida ake nema, sai ka bincika a ANAB, hukumar ba da tallafin karatu ta Nijar, a Yamai. A doktora ne Laval ta fi sassauta wa baƙi.

Na san abin da abokanka ke gaya maka, wai in ka sauka za ka yi aiki ka biya. Doka ta ba ɗalibi awa 24 a mako a wajen makaranta lokacin karatu. Mafi ƙarancin albashi dala 16 da 'yan kai ne a awa. Ka buga: wajen 1,700 ne a wata, kafin haraji. Zai riƙe maka haya da cefane, ba zai taɓa kuɗin makaranta ba. Wanda kuma ya bi aiki ya bar karatu na cikakken lokaci, ya rasa izinin aikin, ya jefa takardunsa cikin matsala. Ga waya daga gida, kowa na ganin kana Kanada.

Takardu kuwa bi da bi suke: takardar shiga, sannan CAQ, wato takardar amincewa ka zo karatu, daga gwamnatin Kebek, sannan izinin karatu daga gwamnatin tarayya, dala 150, da 85 na ɗaukar hoton yatsu, da gwajin lafiya wurin likitan da suka amince da shi. Kowanne na cin makonni, ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son shiga a Satumba ya fara tun kaka ta shekarar da ta gabata. Inda 'yan Afirka masu Faransanci suka fi faɗuwa shi ne shaidar kuɗi. Ana duba motsin asusun banki na watannin baya. In Alhaji ya zuba miliyan 15 rana ɗaya mako biyu kafin ka ajiye dosiye, jami'in biza zai gane aro ne. Dukiyar da ke cikin sito da shanu da kanti ba ta yi musu magana sai an nuna ta da takarda: rajistar kasuwanci, shaidar biyan haraji, da wasiƙar ɗaukar nauyi.

Masu cewa a ba su kuɗi su kawo takardar shiga, ka guje su. Tun Disamba 2023 hukumar shige da fice ke tuntuɓar makaranta kai tsaye ta tantance kowace takarda, kuma hukuncin ta bogi shekara biyar ba ka shiga ƙasar. Kada kuma ka gina tafiyar kan zama na dindindin. Kanada ta ƙayyade yawan izinin karatu tun 2024, a Oktoban 2024 kuma Kebek ta dakatar da hanyar da waɗanda suka kammala karatu ke bi su zauna.

In babu malami mai kuɗi, shawarata ka yi masta a Maradi ko a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ka samu hannu a wani aiki na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, ka fitar da maƙala ko ɗaya, sannan ka nemi doktora. Turo mini takardun makinka da shafin da ka rubuta kafin ka aika wa kowa. Ka gaida Hajiya.