Mai ciwon hanta da ke shan maganin danne garkuwar jiki: ta daina saboda korona?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Daga Tudun Wadan Zariya nake. Ina da ciwon hanta irin wanda garkuwar jiki ke cin hantar, ana duba ni a asibitin Shika, ina shan prednisolone da azathioprine. Maigidana ya kwanta da tari da zazzaɓi, gwaji ya nuna korona ce. 'Yan uwa sun ce in ajiye magungunan tunda suna raunana garkuwa. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba maigida lafiya. Don Allah kada ki ajiye ko ƙwaya ɗaya sai da sanin likitanki.

Magungunan nan su ne takunkumin da ya hana garkuwar jikinki far wa hanta. Da an cire shi ciwon na iya tashi, ido ya yi shawara, a koma ba ki prednisolone fiye da wanda kike sha yanzu. Shi kuma prednisolone, wanda ya daɗe yana shan sa ya yanke rana ɗaya, jini na iya faɗuwa har ya suma.

Tsoron 'yan uwa ba banza ba ne, amma an duba lamarin. Binciken ƙasa da ƙasa da aka buga a 2021 ya nuna masu irin ciwonki da suka kamu da korona ba su fi sauran masu ciwon hanta mutuwa ba. Abin da ya fi tsananta cutar shi ne yawan shekaru da kuma hantar da ta riga ta ƙanƙance da tabo. Shi ya sa ƙungiyoyin likitocin hanta na Turai da Amurka suka ce kada a rage maganin haka kawai. In korona ta kama ki ta yi tsanani, likita na iya rage azathioprine na ɗan lokaci, bayan ya duba jininki.

A yanzu ku raba ɗaki, a buɗe taga, ki sa abin rufe hanci in za ki kai masa abinci. In zazzaɓi ya zo, farasitamol za ki sha, kada ya wuce giram 2 a rana idan hantar na da tabo. Ki guji ibuprofen da diclofenac na kemis, haka ma jiƙe-jiƙen masu talla. Sarƙewar numfashi, kumburin ciki, baƙin bahaya ko ruɗewa, Shika za ki nufa ko da tsakar dare ne.

Allurar rigakafin korona ba ta ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, kina iya karɓa. Sai dai magungunanki kan rage mata ƙarfi, don haka ki tambayi likitanki batun ta ƙari.