Tambaya da Amsa: Bakin Ɗana Ya Karkace

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 7 ya wayi gari bakinsa a karkace, idon hagu ba ya rufuwa, in ya sha koko sai ya zubo ta gefe. An ce a yi masa gashi da na'urar lantarki. In kai shi? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Galibi jijiyar da ke motsa fuska ce ta kumbura, kuma yawancin yara kan warware cikin makonni ko 'yan watanni. Ita na'urar, tsoka take fizga, bincike bai tabbatar tana gaggauta warkewar jijiyar ba, shi ya sa ba na saurin tura yaro can. Idon nan ya fi damuna: a riƙa ɗiga masa maganin hana bushewa, a rufe shi da dare. Ki kai shi asibiti yau a duba kunnensa, don ciwon kunne ma kan jawo haka.