Kalandata kullum daga Litinin take farawa

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne nan Tawa, an ba mu aikin rubuta furogiram da yaren C wanda in ka sa mishi wata da shekara zai fiddo kalandar watan. Nawa yana fiddo lambobi amma ko wane wata na sa 1 ga wata ƙarƙashin Litinin take faɗawa, kuma Fabrairu kullum 28 yake ba ni. Dan Allah a taimaka, lokaci ya matse.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ai ka ci rabin aikin. Abin da ya rage shi ne kwamfutar ba ta san ranar da wata ya kama ba, sai kai ka lissafa mata.

Nemi rana guda wadda ka tabbatar da ita, misali 1 ga Janairu 2024 Litinin ce. Ba ranaku lamba, Litinin 0, Talata 1, har Lahadi 6. Sai ka tara kwanakin da suka shige daga nan zuwa farkon watan da kake so, ka raba da 7, ragowar ita ce ranarka. Ɗauki Maris 2024: Janairu 31, Fabrairu 29, ya zama 60, in ka raba da 7 saura 4, ke nan Juma'a, to kafin ka buga lamba 1 sai ka bar gurbi huɗu babu kome, kuma ko wane gurbi ya yi faɗi ɗaya da na lamba, in kana buga lambobin da %3d, wato umarnin da ke ba ko wace lamba wuri uku, gurbin ma ya ci wuri uku, in ba haka ba layukan duk su karkace. Duk sanda ka tara yawan guraben da ka bari da kwanan wata, jimillar ta rabu da 7 ba saura, sauka sabon layi, a Maris ɗin nan bayan 3 ga wata ke nan.

Fabrairu kuwa a nan yara da yawa ke faɗuwa. Yana yin 29 in shekara ta rabu da 4, amma in ta rabu da 100 ba ya yi, sai fa in ta rabu da 400 kuma. Shi ya sa 2000 ta samu 29, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba. Gwada shekarun nan uku kafin ka kai wa malaminku, galibi da su ake kama mutum.

Na san abokai za su ce maka yaren Python na da shiryayyen abu mai suna calendar, layi biyu ka gama. Gaskiya ne, amma wallahi na fi so ka yi wannan da hannunka tukuna, lissafin ragowar nan zai yi maka amfani a wurare da dama. Kar dai ka ce za ka fiddo watan Musulunci da wannan dabara, shi 29 ko 30 yake yi kuma ganin wata ake jira.